Aikin Kamfani da Aikin Hanya: Yadda Agadas Ta Koyi Duba Tsohuwar Mota

Tun kafin mota ta san hanyar Agadas, mutanen garin sun iya sayen abin hawa. Mai neman raƙumi a kasuwar dabbobi ba ya dogara da bakin dillali. Zai buɗe bakin dabbar ya dubi haƙori don ya san shekaru, ya shafa tozo, ya ɗaga ƙafa, sannan ya nemi shaidar wuta da aka ɗora a wuya ko a cinya, domin ita ke faɗin gidan da raƙumin ya fito. In an sake ƙona wata shaida bisa tsohuwa, idon gwani yana ganewa, ciniki kuwa ya mutu ke nan. Da mota ta zo, wannan idon aka juya kanta. Lambar shasi ta tsaya a matsayin shaidar wuta, kanikawa suka gaji aikin tsofaffin madugai na tantance abin da za a shiga daji da shi.

Tambayar ɗaya ce, har yau ita ake yi a bakin kowane gareji: wannan abin da ke jikinta, haka ta fito da shi daga kamfani ko a hanya aka yi mata? Masu tara tsoffin motocin tsere da na ƙawa a Turai su ma ita suke yi, amma su don kuɗi ne, domin motar da fitilarta da kujerarta da injinta duk na haihuwa ne takan ninka farashin ƴar'uwarta da aka yi wa sauye-sauye. A nan amsar takan zama ta rai da mutuwa. Tankin da aka yi wa walda a gaggauce, in ya tsage tsakanin Agadas da Dirku, maganar ta wuce asarar kuɗi.

Motar fasinja ta fara ratsa garin nan a kai a kai a shekarun 1930, sa'ad da kamfanin SATT na Georges Estienne ya buɗe layin Hoggar, daga birnin Aljiyas ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano. A ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 kamfanin Berliet ya turo manyan motoci tara samfurin Gazelle, masu ja da taya shida, suka keta Tenere don a ga ko kamiyo zai iya abin da ayari ke yi. Alamomin ƙarfen da suka kakkafa a hanya har yanzu da sunan Berliet direbobi ke kiransu. A 1973 wani direban babbar mota ya banke itacen Tenere, wanda ayarin Bilma ya daɗe yana neman hanya da shi, aka ɗauki kututturen aka kai gidan tarihi na Yamai. A tsakanin nan yuraniyum ya taso: Somair ta fara fitarwa a Arlit a 1971, Cominak ta biyo a Akokan a 1978, kwalta ta haɗa Tawa da Agadas da Arlit wajen 1980. Kuɗi ya shigo, kowa yana son mota.

Motar kuwa ta arewa ta riƙa zuwa, da ƙafarta. Daga shekarun 1970 har farkon 1990 samarin Faransa da Jamus da Suwizalan da Holan sun mayar da ketare Sahara sana'ar hutu. Yaro zai sayi tsohuwar Peugeot 404 ko 504 da araha a ƙasarsu, ya sa ta a jirgin ruwa daga Marsai, ya gangaro ta Gardaya da In Salah zuwa Tamanrasset. Daga nan kwalta ta ƙare. Sai kusan kilomita 400 na rairayi da tsakuwa zuwa In Gezzam, da tuddan Lawuni inda gawawwakin motoci ke jere, sai Assamaka, sai kusan kilomita 200 zuwa Arlit, sai 240 zuwa Agadas. Wanda ya iso da motarsa tana numfashi, kafin ya kashe inji a gaban Otel Ayir dillalai sun kewaye shi. Wasu su sayar a nan su hau jirgi su koma gida, wasu su zarce Yamai ko Kwatano ko Lome neman farashi.

Babu motar da ta iso yadda ta bar kamfani. Tun a can an ɗaura mata farantin ƙarfe ƙarƙashin inji, an ɗaga ta, an kafa mata ƙarafan ɗaukar jarka da faifan ƙarfen fita daga rairayi. A hanya kuma an yi mata abin da hanya ta tilasta. Ga kuma wata kafa daga kudu: tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyara suna haurowa daga Ƙofar Ruwa ta Kano ta Maraɗi da Ƙonni. Sai ka ga mota guda, bodinta daga Sochaux, ƙofarta daga Kaduna, lagiretonta an ciro daga wata da ta mutu a Lawuni. A cikin wannan cakuɗa ce sana'ar duba mota ta nuna.

Ni a garejin kawuna na koyi abin da na sani, lokutan hutun makaranta, ina miƙa sifana ina wanke noti. Kayan aikinsa na duba mota ba su taka kara sun karya ba: tocila, tsumma, ɗan gwangwanin gazuwal, da maganaɗisun da ya ciro daga tsohuwar sifikar rediyo. Ba ya fara da tayar da inji, domin ya ce inji ya iya daɗin baki. Buhu yake shimfiɗawa ya shige ƙarƙashi. Can zai bi gaɓoɓin ƙarfe da babban yatsa. Waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce, zagayayya, tazararta ɗaya, babu tudu. Waldar hannu kuwa tana da kumburi da baƙin ƙuna a gefe, ko an goge ta an shafe da baƙin fenti yatsa yana jin ta. Sai ya fito ya bi bodi da maganaɗisu. Inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne, inda ya zame mastik ne aka cika rami da shi. Zai ɗaga robar ƙofa ya ga launin da ke ɓoye ƙarƙashinta, ya duba ko feshin fenti ya taɓa robar, abin da ba ya faruwa a kamfani tunda can sai an gama fenti ake sa roba. Zai zaga gilasai ya karanta hatimin da ke kusurwar kowanne, ya ga ko duk na maƙera ɗaya ne. Wayoyin Peugeot kowace da lambarta a jiki. Wadda ba ta da lamba, baƙuwa ce.

Amma abin da ya fi dogara da shi rami ne. Ya ce kowane abu da aka ɗaura wa mota sai da rami, rami kuwa ba ya ƙarya. Kamfani yana huda ƙarfe kafin ya tsoma bodin a fenti, don haka bakin ramin a lulluɓe yake da launi, sumul. Wanda aka huda daga baya da injin huji, bakinsa tsirara ne, da kaifi ta ciki, tsatsa ta fara cinsa. Da wannan kaɗai yakan raba kayan mota kashi biyu kafin shayi ya tafasa.

Wata rana wani Alhaji daga Maraɗi ya zo da shi ya duba masa 504 doguwa mai kujera layi uku, yana so ya sa ta haya. Alhaji ya leƙa ƙarƙashi ya ga resor huɗu a baya, biyu kowane gefe, ya ja da baya.

"Malam, wannan ai dabarar Nasara ce don lodi. An taɓa ta."

"A'a Alhaji, haka ta fito. Matso ka gani." Kawu ya goge wurin da tsumma ya haska tocila. "Dubi mazaunin resor ɗin, duka huɗun ɗigon kamfani ne, fentinsu ɗaya da na bodi. Doguwar 504 duk haka take."

Sai ya ƙwanƙwasa farantin da ke ƙarƙashin inji. "Wannan kuwa aikin hanya ne. Ga ramin, babu fenti a bakinsa. Kar ka biya kuɗin kamfani a kansa, Alhaji, amma kar ka cire shi. Shi ya kawo ta nan da ranta."

Ban taɓa jin ya raina aikin hanya ba. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a kira shi da sunan da ba nasa ba. Wannan hukuncin na riƙe har yau, kuma a ganina ya fi na masu tara motoci da yawa adalci.

Darasin resor huɗu yana da faɗi, domin abin da ya yi kama da dabarar daji sau da yawa na kamfani ne. Injin fetur na 404 da 504 a karkace yake zaune, kamar an tura shi gefe, kuma haka aka zana shi don bonet ya yi ƙasa. Land Rover, wadda ta fito a 1948, bodinta na alminiyum ne, maganaɗisu ba ya kama mafi yawan jikinta. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka duk mastik ne. Rufin nan nata mai hawa biyu, da iska ke ratsa tsakaninsa, kamfani ne ya yi shi don ƙasashen zafi. Wasu kuma da ke yawo a Sahara ba Ingila ta ƙera su ba, Santana ce ta Linares a Sifen, wadda ta fara yin su da izini a 1958, kuma da tafiya ta yi nisa ta riƙa sa nata kayan da babu su a na Ingila. Mafi ban mamaki ita ce Citroën 2CV Sahara ta shekarun 1960: inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, makulli biyu, tayar safaya bisa bonet, tankunan mai ƙarƙashin kujerun gaba, bakinsu ya fito ta ƙofofi. Wanda ya gan ta zai rantse wani haziƙin bakanike ne ya haɗa ta a tsakar gida, alhali haka ta fito daga kamfani, kuma duka waɗanda aka yi ba su kai 700 ba. Da tsadarta ta hau, sai aka samu masu mayar da 2CV ta gama-gari mai inji biyu, yanzu ba a rabe su sai da lambar shasi da kundin kamfani.

Akwai kashi na uku, tsakanin kamfani da hanya. Daga 1980 Henri Dangel, a garin Sentheim na yankin Alsas, ya riƙa karɓar 504 doguwa da a-kori-kura sababbi daga Peugeot, ya ɗaga su, ya sa musu akwatin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, su zama kat-kat, a sayar da su da yardar Peugeot. Ita Dangel tana da nata ƙaramin faranti ban da na Peugeot. Doguwar 504 da ta yi tsayi fiye da kima, abin da ake nema ke nan: farantin, da sandunan da ke juya tayoyin gaba. In babu su, ɗagawa ce kawai aka yi mata da ƙarin ƙarfe, kuma irin wannan ɗagawar takan sa mota ta yi rawa a kwana.

Sai tseren Paris-Dakar, wanda ya kawo wa Agadas motocin da ba ta taɓa mafarkin gani ba. Thierry Sabine ya tayar da na farko daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182, suka biyo ta Tamanrasset da Agadas da Yamai da Gawo, 74 suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. A 1983 tseren ya shiga Tenere karon farko, guguwar rairayi ta ɓatar da mutum kusan 40, Sabine ya yi kwanaki yana nemo su da jirgi mai saukar ungulu. Mano Dayak, ɗan Abzin da ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet, yana cikin waɗanda suka nuna masa hanyoyin ƙasar. Wanda ya ga garin a ranakun tsere ba ya mantawa: jirage cike da fili, gangunan mai jibge, maƙeran azurfa sun baje kurus ɗin Agadas, gidajen haya sun yi tsada, kanikawan Turai suna kwance mota ƙurmus cikin dare da fitilar janareto su mayar da ita kafin asuba. Mu yara muna bakin igiya muna kallo, kanikawan gari kuwa suna kallo da wani ido daban. Ba zan ɓoye ba, tseren ya kawo kuɗi, ya kuma bar makoki a ƙauyukan da ke bakin hanyarsa a ƙasashe da dama, inda motoci masu gudun wuce sa'a suka take mutane, har da yara. Duk mai yabonsa ya kamata ya tuna da wannan.

Ga mai duba mota, tseren ya koyar da abu guda: suna a goshi ba shaida ba ne. Ƴan'uwan nan Marreau, Claude da Bernard, sun zo na biyu cikin motoci a 1979 da ƴar ƙaramar Renault 4, amma tana ɗauke da kayan Sinpar masu ja da taya huɗu. A 1981 Thierry de Montcorgé ya shiga da wata Rolls-Royce da aka yi wa laƙabi da Jules, sunan turaren Dior da ya ɗauki nauyinta; siffar ce kawai ta Rolls, bodin na roba mai zare ne, shasin na Toyota Land Cruiser, injin na Chevrolet. Peugeot 205 da Ari Vatanen ya ci tseren 1987 da ita, injinta a bayan direba yake, tana ja da taya huɗu, ba abin da ya haɗa ta da 205 ta kan titi sai kamanni. Porsche kuwa, motar da aka sani da kwalta mai santsi, ta zo da 911 mai tsayin ƙafa da ja huɗu a 1984, René Metge ya ci da ita, ya sake ci a 1986 da 959, Jacky Ickx na biye da shi. Yawancinsu sun bi ta ƙasar nan. Tseren 1986 ɗin ne Sabine ya rasu a cikinsa, ranar 14 ga Janairu, jirginsa ya faɗi a Mali.

Waɗannan Porsche ɗin su ne misalin da ya fi kowanne nuna darajar tambayar kawuna. Kamfani ne da kansa ya ɗaga su ya sa musu manyan tankuna, ƴan ƙalilan ne kuma aka yi. A 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikin 959 na tseren 1985 a Amurka a kan kusan dalar Amurka miliyan 6. A yau gareji-gareji a Turai da Amurka suna ɗaga tsoffin 911 su jera musu fitilu a goshi su yi musu fentin tsere, shi kansa kamfanin ya fitar da 911 Dakar a 2022, guda 2,500. Mai saye a can yana bin hanyar da muka sani: ya nemi takardar da ke manne ƙarƙashin bonet mai ɗauke da lambobin ƙarin kayan da aka yi oda, ya gwada lambar inji da ta giya da kundin kamfani, ya shige ƙarƙashi ya dubi walda da rami.

Motar ƙawa da na gani da idona a garejinmu 504 Coupé ce, mai ƙofa biyu, ta wani Nasara da ke aiki a Arlit. Sunanta ɗaya da 504 ɗin da muka saba, amma Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, ya kuma ƙera bodinta, ga tambarinsa a gefe. Ta fi ta gida gajarta, ƙofa ko gilashin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Ta fito a 1969 aka daina yin ta a 1983, kuma irinta mai inji V6 ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978. Shekarunta a fuska suke: na farko suna da fitilu huɗu rabe-rabe a gaba da ƴan fitilu uku-uku a karkace a baya, daga 1974 aka haɗe su, shekarar da injin V6 na haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo ya shigo. Don haka wadda ke da fuskar farko da inji V6, sai a yi tambaya.

Ta Nasaran nan ta farkon ce, tana da famfon Kugelfischer mai fesa fetur maimakon kafireta. Ƙura da gurɓataccen mai sun gama da famfon, babu mai saita shi kusa. Kawu ya sa mata kafireta da bututun 504 ta gida, ta tashi. Sannan ya wanke famfon da bututansa, ya shafe su da mai, ya naɗe a buhu ya sa a but.

"Yaro, rubuta masa a takarda abin da muka cire da abin da muka sa, da ranar yau."

"Kawu, ai famfon ya mutu."

"Ya mutu a Agadas. Akwai inda zai tashi. Duk wanda ya saye ta bayansa yana da haƙƙin ya san yadda aka haife ta."

Maganar lamba ita ce ƙashin bayan sana'ar. Wuri uku dole su yi baki ɗaya: farantin da aka kafa da ribiti a ɗakin inji, lambar da aka buga a jikin ƙarfen kansa, da kart griz. Daga wajen 1981 kamfanoni suka koma lamba mai gurbi 17, wadda babu haruffan I da O da Q a cikinta don kar a rikita su da 1 da 0. Farkonta yana faɗin mahaifa: VF3 Peugeot ce ta Faransa, VF7 Citroën, SAL Land Rover, WP0 Porsche, JT Toyota ta Japan. Bugun kamfani a layi ɗaya yake, zurfinsa ɗaya. Bugun hannu yana hawa yana sauka, wurin da aka goge tsohuwar lamba kuma yana da ɗan kwari da yatsa ke ji. Ribitin da ya fi farantin sabunta shi ma abin tuhuma ne. Wanda ke son ya kai ƙarshen magana yana iya rubuta wa kamfani: Peugeot tana da ma'ajiyar takardu a Terre Blanche kusa da Sochaux, na Land Rover kuma ana samun shaidarsu a gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila. Tsofaffinmu ba su da wannan damar, amma ba safai suke kuskure ba.

Zamanin ya yanke da sauri. Tawaye ya tashi a arewa a 1990, Aljeriya ta rikice daga 1992, ƴan kawo Peugeot suka ɗauke ƙafa. An sa hannu kan zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi ranar 15 ga Disamba na shekarar, filin jirgin garin yana ɗauke da sunansa. A 1997 tseren ya dawo da sunan Dakar-Agadas-Dakar, Kenjiro Shinozuka ya ci da Mitsubishi. A 2000 kuwa daga Yamai aka kwashe motocin a jirgi zuwa Libiya, aka tsallake arewa saboda barazana. Tawayen 2007 ya ƙarasa abin da ya rage na baƙi, tseren ma ya bar Afirka bayan soke na 2008.

Toyota ce ta gaji filin. Land Cruiser jerin 70 ta fito a 1984, injin gazuwal 1HZ mai silinda shida ya biyo a 1990, direbobin Tenere suka riƙe shi don ba ya son wayoyi da yawa. Farantinta yana faɗin samfuri da inji da launi da giya, haruffan farko kuma sun isa shaida: FJ ta fetur ce, BJ da HJ na gazuwal. Wadda farantinta ke cewa FJ tana shan gazuwal, an sauya mata zuciya. Tanki na biyu da bututun shaƙar iska da ke hawa gefen gilashi, akwai na kamfani akwai na gari, kuma rami ne dai ke raba gardama. Zinariyar Jado a 2014 da jigilar matafiya zuwa Libiya sun cika garin da Hilux, da yawansu an ƙara musu ganyen resor da tankuna, wasu ma lambarsu ba ta son a haska ta da tocila. Dokar 2015-36 ta watan Mayu 2015, wadda ta hana wannan jigilar, ta sa aka kama motoci da dama suka yi shekaru a rana, kafin a soke ta a Nuwamba 2023. Samarin kanikawa yanzu da na'urar kwamfuta suke tambayar sabuwar mota ciwonta, kuma na yarda tana da amfani. Amma ba ta ganin walda.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke raina kashi na biyu, aikin hannunmu. Dillali yakan shafe shi da fenti ya ce na kamfani ne, mai mota yakan ji kunyarsa, mai sayen tsohon ƙarfe kuma ya yanka duka ya auna a sikeli a loda zuwa kudu. Alhali shi kansa kamfanin Porsche, da ya tashi farfaɗo da 959 ɗin da Ickx ya zo na biyu da ita a 1986, bai mayar da ita sabuwa ba. Ma'aikatan gidan tarihinsa sun tarar da rairayi da busasshen taɓo a cikinta, suka gyara abin da zai sa ta yi tafiya, suka bar mata tabonta na hanya, domin sun gane tabon yana cikin darajarta. Land Rover da ta yi shekara talatin tana kai baƙi Timiya da Iferwan, da ƙarfen da maƙerin Agadas ya lanƙwasa mata, da tankin da wani tsoho ya yi mata waldar da ba ta taɓa ɗiga ba, ita ma tana da irin wannan darajar, in an faɗi gaskiyar wane ne na wa.

A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, da masallacinsa mai hasumiya mita 27 da fadar Sarkin Abzin. Gine-ginen sun samu masu kula da su. Motocin da suka ciyar da garin rabin ƙarni ba su samu ba. Ina roƙon hukumomin gari da jami'ar Agadas su nemi fili ko da rumfa ce, a ajiye Berliet ɗaya, Land Rover ɗaya, 404 mai tanti, doguwar 504, da tsohuwar Land Cruiser, kowace da takardar da ke faɗin abin da ta fito da shi da abin da aka yi mata a nan, a kuma ɗauki muryar tsofaffin kanikawa da direbobi tun suna da rai. Kai kuma mai tsohuwar mota a bayan gida, kafin ka kira mai yankan ƙarfe, ka kwafi lambar shasinta, ka ɗauki hoton farantin da ɗakin inji, ka adana kart griz ɗinta, sannan ka kira bakaniken da ya san ta ya faɗa maka wane aiki ne na kamfani, wane ne nasa.